Yadda na gyara wa Kawu Bitrus giyarsa

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da Kawu Bitrus ya zo ganina a Largo ba. Kawun Danjuma ne, saurayin da zan aura, kuma shi ne uba a gare shi a nan Amurka. Iyayen Danjuma suna can Kagoro suna jiran wayar Kawu. In ya ce yarinyar ta yi, an gama. In ya yi shiru, to, sai wani ikon Allah.

Tun safe na kasa zama. Na share falo, na sake sharewa, na ɗanɗana miyar taushe har na daina jin gishiri.

Kawu ya iso daga Alexandria, wani gari nan kusa da mu, rungume da kwalba kamar jariri. Ya ce jan ruwan inabi ne na Bordo, ya sayo shi tun yana aiki a Faransa, ya yi shekaru yana ajiye da shi don irin wannan rana. Ya buɗe da kansa, ya miƙo min.

"'Yata, juye shi a jug, ki bar shi ya sha iska. Sai mun ci abinci."

A kicin na ce bari in ɗan taɓa (mu a gidanmu ba a kai wa baƙo abin da ba a ɗanɗana ba). Wayyo! Bauri ya kama min harshe kamar na tauna ɗanyen goro, ga tsami, ga ɗumi. Na ce shi ke nan, abin ya lalace a ajiya, tsohon nan zai ji kunya a gidana.

Daga falo ina jiyo shi yana yi wa Danjuma lacca: wai launinsa ja mai duhu, ƙamshinsa na 'ya'yan itace da katakon gangar da ya kwana a ciki, wai baurin nan shi ne ƙashin bayansa, shekaru ne ke tausasa shi. Na ji, amma hankalina ya riga ya tafi wajen ceto. Na zuba sukari. Na daka citta da kanumfari. Na matse abarba, na tace, na cika da ƙanƙara. Na ɗanɗana, har na yaba wa kaina.

Bayan tuwo na kawo jug, na durƙusa, na zuba masa. Ya kurɓa, ya lumshe ido, ya shanye.

"Kai, Danjuma, ka yi dace! Rabona da zobo irin wannan tun ina gida." Ya juyo gare ni yana murmushi. "To 'yata, yanzu kawo mana giyar."

Na dubi jug. Danjuma ya dubi jug. Kawu ya bi idonmu, murmushin ya fara gushewa a hankali.

"Kawu," na ce da muryar da ni ma ban gane ta ba, "ita ce. Na ga kamar ta lalace ne, sai na gyara."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Can ya cire tabarau, ya goge ido, ya miƙo kofinsa.

"Ƙaro min. Ai ba ma bar ta ta mutu a banza ba."

Washegari ya buga waya Kagoro. Danjuma ya ce min abin da ya faɗa kawai shi ne, "Yarinyar tana da zuciya mai kyau, amma tana da saurin hannu."

An yi auren. Yanzu in na ga abin da ban sani ba, sai in tambayi mai shi kafin in ɗauko sukari. Kawu kuwa har yau yana zuwa mana da kwalbarsa, sai dai ko bayi zai shiga, da ita yake tafiya.