Baƙin Agogo da Makullin Mota

"...lafiya lau, amma tsaya daga nan tukuna. Me aka aiko ki ki ɗauka?"

"Haba Angona! Ko gaisuwar ba ka gama amsawa ba ka fara tuhuma? Ina gajiya?"

"Gajiya ga ta nan ta shigo da jaka a kafaɗa."

Tsohon Direba ke nan, yana zaune a barandarsa da kofin shayin da ya huce, jikarsa kuma tana jawo kujerar roba tana dariya. Shi dai mutum ne da ya tsufa a kan sitiyarin manyan motoci, yanzu abin da ya rage masa a duniya 'yar tsohuwar motarsa ce da ke ƙarƙashin rumfa, makullinta ɗaure da zare a aljihun gabansa. Kwanan nan wata farar yana ta fara rufe masa ido, komai yana ganinsa dishi-dishi kamar ta gilashin motar da ba a goge ba. Bai gaya wa kowa ba, don ya san babban ɗansa, uban yarinyar nan, dalili kawai yake jira ya karɓe makullin. Shi ya sa duk wanda ya fito daga gidan ɗan nasa, sai ya dafe aljihu kafin ya amsa sallama.

Ta buɗe jaka ta fito da ƙananan akwatuna biyu, ta jera su a kan tebur.

"Baba ne ya ce a kawo maka agogo. Ka zaɓi ɗaya, ɗayan a mayar shago."

"Ubanki? Ubankin da in zai saya min sabulu sai ya tambaya ko na baya ya ƙare?"

"Shi fa. Kuma masu tsada ne, irin waɗanda ake kulle wa a cikin gilashi, mai shago ya sa safar hannu kafin ya taɓa."

"To ashe akwai magana. Ko dai wani ɗan iska ne ya fito neman aurenki, kuka zo ku rufe min baki?"

"Wa zai aure ni ina da tsohon miji mai haƙori huɗu?"

"Shida ne, ja'ira! Kuma kowanne ya fi saurayinki ƙwari."

Ta buɗe akwatin farko. Agogo ne mai baƙar fuska da madaurin fata, hannayensa na zinare sirara, ko lamba ɗaya babu a jikinsa. Haka ta bayyana masa, shi kuwa abin da ya gani wani baƙin abu ne kawai mai ƙyalli. Na biyun fari ne tas, mai sarƙar ƙarfe, lambobinsa manya-manya baƙaƙe, har shi ma ya hango su ba tare da ya matso ba.

Nan ya farga. Af! Ashe tarko ne. In ya ɗauki farin, za a ce ai dama ido ya tafi, ga shi ya zaɓi na makafi. In ya ɗauki baƙin, wannan 'yar mai kan kwakwar za ta ce ya karanta mata lokaci. Ko ta ina ya bi, makullinsa ake nema. Ya ƙara dafe aljihu, ya gyara zama.

"Wa ya zaɓo su?"

"Ni."

"Na sani. Wannan muguntar ba ta wuce ke ba. Wannan farin ai agogon bango ne aka sa wa sarƙa. So kike in ɗaura, mutanen layi su riƙa leƙo hannuna daga tagoginsu suna duba lokaci?"

"Ai taimako ne. Ka samu lada a tsufanka, tunda ƙarfin yin wani aikin ya ƙare."

"Ƙarfina ya ƙare? Ni da na taɓa ɗaga gindin tirela da kafaɗa aka canja taya?"

"Bara ka ce da hannu ɗaya ne."

"Wata tirelar ce daban! Miƙo min baƙin nan."

Ta ɗaura masa. Kai, agogon akwai nauyi mai daɗi, fatar kuma laushi kamar kunnen jariri. Ya juya hannu hagu da dama, yana ta ɗaga haɓa.

"Kin gani? Wannan shi ne na manya. Gobe in na fito da mota na ɗora hannun nan a taga, sai kin yi layi kafin ki gan ni."

"Ya yi maka kyau wallahi, har ka koma ɗan saba'in. To Angona, ƙarfe nawa?"

Ga ta nan! Dama ya san za a zo wurin. Ya kawo agogon kusa da fuska, ya nisanta shi, ya yi tari, ya ce rana ce ke haska gilashin. Baƙi ƙirin, babu abin da ya gani. Zufa ta fara tsattsafo masa a ƙarƙashin hula. Sai Allah ya taimake shi, rediyon maƙwabci ya buga kiɗan da ake fara labaran yamma da shi. Tsoho ya yi murmushi har kunne.

"Ƙarfe huɗu daidai. Ko kina so in gaya miki har da daƙiƙa?"

"Huɗu daidai?"

"Cif! Je ki gaya wa wanda ya aiko ki."

Ba ta yi dariya ba. Ta kamo hannun nasa ta riƙe, muryarta ta yi ƙasa.

"Kaka, agogon a tsaye yake. Irin wanda motsin hannu ke tayarwa ne, tun daga shago ba a saita shi ba. Tara da rabi yake nunawa."

Ya janye hannunsa a hankali. Rabon da ta kira shi Kaka har ya manta, kullum Angona ne ko Tsoho. Kunya ta kama shi, tsoro ya biyo baya, don ya ga motar nan ta tafi, ya ga kansa a zaune a baranda yana jiran wanda zai kai shi aski.

"To, kin ci," ya ce. "'Yar sandan ciki a gidana. Nawa ubanki ya biya ki?"

"Ko sisi. Shi kyauta ya yi niyya, bai san komai ba. Ni ce na zaɓo biyun don in ji daga bakinka."

"Ƙarya kike."

"Wa ya goga motar a jikin ƙofar gida wancan watan?"

"Iska ce ta turo ƙofar."

"Da Baba ya ga ƙujewar, ce masa na yi ni ce nake koyon baya-baya. Faɗan da na sha ranar har yau kunnena bai huce ba. In da tona ka nake so, da tuni an wuce wurin."

Ya juyo ya dube ta, iya abin da idon ya ba shi. Ashe shi ya sa ɗan nasa bai ce uffan ba! Shi yana nan yana dafe aljihu saboda ita, ita kuwa tana can tana shan faɗa saboda shi. Abin ya taɓa masa zuciya ƙwarai, amma ina, bakin bai saba ba.

"To wa ya sa ki? Mai ƙafar sauro kawai."

"Kishi ne. Ba na so ka bige 'yar mutane a titi, a ce ka biya diyya da aure. Kaka, yana ce fa kawai. Likita cire ta yake yi, mutum ya koma gida ranar. Kakar ƙawata an yi mata, yanzu ita ke zura wa jikokinta zare a allura."

"Su taɓa min ido da wuƙa?"

"Kai da ka ɗaga tirela?"

"Tirela ba ta da wuƙa!"

"Ni zan kai ka, in riƙe maka hannu, in ka yi kuka ba zan gaya wa kowa ba. Sai dai mutanen layi."

Dariya ta ƙwace masa, ya yi ta yi har da share hawaye, kuma ba duka ne na dariyar ba. Ya kwance baƙin agogon ya mayar akwati, ya miƙa hannu ta ɗaura masa farin, wanda shi mai batir ne, yana tafiya daidai. Ya duba, ya ce huɗu da minti goma, wannan karon da idonsa ya gani. Sannan ya sa hannu a aljihun gaba, ya daɗe yana kwance zaren nan, ya ajiye mata makullin a tafin hannu bai sake shi da wuri ba.

"Aro ne. In na ji kin taka min kuloci kamar kina kashe kyankyaso, na sake ki."

"Na ji, ranka ya daɗe. To baƙin a mayar shago?"

"A mayar ina? Ki ce wa ubanki duka biyun na zaɓa, ya ji a jikinsa. Farin na yanzu ne. Baƙin kuma a ajiye min sai ranar da aka cire yanar nan."

"Ka yi me da shi?"

"In ɗaura in fita neman wata amaryar ido buɗe. Don ke, yanzu na gane, a makance na zaɓe ki."

Ta kaɗa makullin a gaban hancinsa tana dariya.

"Ba komai, Angona. Sai dai ka tuna ni ce direbar da za ta kai ka zancen."