Rasuwar Malam Sakayau, Akwatin Jitar Pak Rahim

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika maƙil, da ƙafafun da suka ƙi zama wuri ɗaya tun shekaranjiya, ni Tajuddeen Abdulwahidu Gwale, ɗalibin injiniya mai haramar komawa gida, nake sanar da 'yan uwa mazauna Bukit Jalil da Sri Petaling da kewaye rasuwar akwatina, Malam Sakayau. Ya rasu ranar Talata bayan la'asar a matakalar tashar jirgin ƙasa ta Kampung Baru, yana da wata huɗu da kwana goma sha ɗaya a duniya, nauyinsa kilo biyar da rabi. An ce a hannuna ya cika. In za a bi gaskiya, mariƙinsa ne ya rage a hannuna, shi kuwa can ƙasa ya cika.

Waɗanda ba su san marigayin ba, ya kamata su fara sanin wadda ya rayu domin ta. Jita ce, amma ba irin wadda ake ratayawa a wuya ba. Wannan ƙafafu huɗu gare ta, a kwance take kamar ƙaramin tebur. Mai kaɗa ta zama yake yi, yana goga guntun ƙarfe a kan tsirkiyoyinta, yana taka fedoji da ƙafa kamar tela a kan keke. Shekara uku da suka wuce na fara jin ta, na fito daga masallacin Juma'a a Kampung Baru ina neman inda zan ci shinkafa. Wani sauti ya fito daga tagar wani gidan katako, ya yi sama, ya lanƙwasa, ya dawo ƙasa a hankali kamar goge a hannun wanda ya yi rashi. Na tsaya a bakin titi har mai gidan ya leƙo ya ce ko in shigo ko in matsa, don na tare wa kajinsa hanya.

Shi ne Pak Rahim, dattijo Bamalaye ɗan shekara saba'in da takwas, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana kiɗa a gidajen biki. Kowace Asabar nake zuwa yana koya mini. Hannunsa ya fara rawa, 'ya'yansa ba wanda ya damu da kiɗa. Da ya ji na kusa kammala karatu, sai wata rana ya dafa jitar ya ce, "Tajuddin, tafi da ita garinku. A nan ƙarƙashin gado za ta ƙare. Amma ka kai ta da ranta."

Na yi godiya, na sunkuya zan ɗauki tsohon akwatinta, baƙi mai kusurwoyin ƙarfe, sai bayana ya yi ƙara. Kilo goma sha tara ne shi kaɗai, ba komai a ciki. Jitar da ƙafafunta da fedojinta goma sha bakwai. Tikitinmu kuwa ya ce kowace jaka kada ta wuce ashirin da uku. Abokina Halliru, wanda ke aika wa ɗalibai kaya gida ta jirgin ruwa, ya ce, "Injiniya, kawo ta in cusa a kwantena, wata uku ta iso Kano, shi ke nan." Na tuna yadda firjin wani ya isa da ƙofa a hannu daban, na ce a'a. Tare za mu hau jirgi, tare za mu sauka.

Haka aka haifi marigayin, a barandar gidanmu, hawa na ashirin da ɗaya. Siririn katako mai falle-falle ne jikinsa, gefunansa alminiyam, cikinsa soso da na yanka daidai surar jitar, na lulluɓe da jan karammiski. Makwanni shida na yi ina auna shi. Na sayi sikelin rataya, na hana kaina sukuni. In na zauna cin abinci sai in tuna wata kusurwa da za a iya fefewa, in tashi da loma a baki. Maƙwabciyarmu ta ƙasa ta yi ƙorafin ƙarar zarto sau biyu. Mai ɗakina Fiddausi ta daina shanya a baranda saboda garin katako.

"Abban Walida," ta ce mini wata safiya, "digirin naka na uku ma ban ga ka yi masa irin wannan rawar jiki ba."

Na ce mata ai shi digiri ba a ɗora shi a sikeli.

Da akwatin ya tsaya a kilo shida da ɗan ɗori, sai na shiga rage masa kaya. Na cire ƙugiya ɗaya daga cikin uku. Na canja tayoyi zuwa ƙanana. Daga ƙarshe na iso kan mariƙi. Ya kamata a sa masa faranti na ƙarfe ta ciki da noti takwas. Na ajiye farantin, na ɗauki noti huɗu. Tsohon da ke sayar da kayan kafinta a wani kedai, wato shago, a Sri Petaling ya dubi zanen da na nuna masa, ya dube ni ta saman tabarau.

"Tak boleh lah, bos," ya ce, wato ba zai yiwu ba. "Katakon nan siriri ne. Huɗu ba za su riƙe ba."

Na buɗe masa lissafina a waya, na nuna masa lambobi. Ya ɗaga kafaɗa, ya zuba mini huɗun a leda.

Jama'a shaida ne, Malam Sakayau ya yi zaman duniya da ladabi. Bai taɓa tare ƙofar jirgi ba. Bai taɓa ƙin shiga bayan motar haya ba, ko da irin ƙananan nan ne da direbansu ke fara tsaki tun kafin ya tsaya. Da yatsu biyu Fiddausi ke ɗaga shi in za ta yi shara. Ya raka jitar walimar kammala karatun mutum huɗu, da sunan 'yar Halliru, da taron ɗaliban Najeriya inda wani ya ɗauka keken ɗinki na kawo ya miƙo mini wandonsa. Ba mai yawan magana ba ne. In an rufe shi sai ya ce taƙas, taƙas, sau biyu, ya yi shiru. In ana jan sa a kan tayal yana cewa gurrr, a hankali, kamar mage ta ƙoshi. Har yanzu in na juya a ɗaki sai in ji kamar yana biye da ni.

Ciwon ajalinsa ya fara ne mako uku da suka wuce, lokacin da aka yi ta ruwa kullum da yamma, ya sha laima a baranda. Ya soma wani sabon sauti, ƙiiƙ, duk lokacin da na ɗaga shi. Na duba, na ga tsaga siririya kamar gashi a gindin mariƙin. A nan dole in faɗi abin da ban gaya wa kowa ba sai yau. Na gan ta. Na san maganinta, farantin nan yana cikin durowa. Amma farantin zai kai shi kilo shida, ni kuwa na riga na gaya wa duk wanda ya tsaya saurarena cewa biyar da rabi ne. Sai na samo takardar manne mai tutar Najeriya na lulluɓe tsagar, na ce bayan an gama rigimar takardun makaranta zan duba.

Ranar Talata Pak Rahim ya kira ya ce in kawo jitar ya yi mata sallama, tunda tafiyarmu saura kwana goma. Na sauka a tashar Kampung Baru, wadda ke can ƙarƙashin ƙasa. Akwai lif, mutum biyar kacal ke jira. Ban iya jira ba. Na ce me ye amfanin akwati sakayau in ba za a hau matakala da shi ba? Na sungume shi na fara hawa bibbiyu. Saura taki uku in kai sama ya ce ƙiiƙ, ya ƙara cewa ƙiiƙ da ƙarfi, sai na ji hannuna ya yi sama ba nauyi.

Na juya. Ya sauka a kan kusurwa, ƙwas, ya wuntsila, daram, daram, daram. Wata mata mai jan lulluɓi ta manne da bango tana salati, ya wuce ta da kamar taki ɗaya. Allah ya tsare, ba wanda ya taɓa. Ya je ƙasa ya kwanta a gefensa, taya ɗaya tana ta juyawa ita kaɗai. Ni kuma ina tsaye a sama riƙe da mariƙi, noti huɗu na reto a jikinsa, kowanne da ɗan guntun katako.

Ban san yadda na sauka ba. Kusurwoyi uku sun fashe, murfin ya rabe biyu, alminiyam ɗin ya nannaɗe kamar ganyen albasa. Amma ƙugiyoyin nan biyu ba su saki ba. Na durƙusa na kasa buɗewa, ina jin muryar Pak Rahim yana cewa ka kai ta da ranta. Wani ma'aikacin tashar ne ya kama mini, muka ɗaure gawar da igiya, na rungume ta a ƙirji har gidan Pak Rahim.

Shi ya buɗe da kansa. Ya ciro jitar, ya juya ta, ya shafa ta tun daga kai har gindi. Ya sa na ɗaura mata ƙafafu. Ya zauna, ya ɗora ƙarfen, ya taka feda. Sautin ya tashi, ya lanƙwasa, ya dawo. Tsirkiya ɗaya ce kawai ta saki, ya murɗa ta ta koma. Ko ƙwarzane babu.

Ya daɗe yana duban tarkacen akwatin. "Wannan ya yi aikinsa," ya ce. Sannan ya miƙo hannu na ba shi mariƙin. Ya ƙirga notin da yatsa. "Huɗu, Tajuddin?"

Na sunkuyar da kai.

"Shekara hamsin ina yawo da ita a bayan babur, ba ta taɓa faɗuwa ba. Za ta kwana a nan. In ka kawo akwatin da na yarda da shi, ka ɗauka. In ba ka kawo ba, jirginka ya tashi lafiya."

Bai ɗaga murya ba. Ya ce wa matarsa ta kawo mini shayi, na sha a tsaye.

Jiya da safe Fiddausi ta same ni a baranda na cika takarda bakwai da zane. Duk akwatin da zai yi ƙwari sai ya kai kilo tara ko goma, duk wanda zai tsaya a shida sai na ga matakalar nan. Ina zagaye tebur, ina zama, ina tashi. Ta ajiye mini kunu, ta tsaya tana kallo.

"Wai ƙafafun nan nata da fedojin, ba kwance su kake yi ba in za ka sa ta a ciki?"

Na ce e.

"Kilo nawa ne su?"

"Shida."

"To wa ya ce dole su kwana ɗaki ɗaya da ita? Ƙarfe ne fa. A naɗe su a zannuwana, su shiga jakata."

Wata huɗu, jama'a. Da digirina, da sikelina, da lissafin da na nuna wa tsohon kedai. Na ce mata jakarta ai ta cika, tukwanen da ta saya wa Hajiyarta tsaraba suna ciki, da tukunyar lantarkin dafa shinkafa da ta yi shekara tana yi wa Hajiya alkawari.

"Su bi kwantenar Halliru," ta ce. "Tukunya ba ta san wata uku ba. Amma kai za ka yi wa Hajiya bayani da bakinka, ranar da ta buɗe jakar 'yarta ta ga sandunan ƙarfe."

Na amsa. Ban taɓa amsa sharaɗi da sauri haka ba.

Marigayin ya rasu ya bar jita ɗaya, wadda ke zaman takaba a Kampung Baru. Da tayoyi biyu, ɗaya na ɗingishi. Da ƙugiyoyi biyu masu amana. Da farantin ƙarfe da bai taɓa sani ba, a cikin durowa. Ya bar Walida, 'yar shekara huɗu, wadda ta mayar da shi gadon 'yartsanarta, take ta tambaya da Malayanci ina jan gadon nan ya tafi. Ya kuma bar ni.

Za a yi jana'izarsa gobe Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Za a ɗauko shi daga barandar hawa na ashirin da ɗaya, a sauko da shi ta lif, a miƙa shi ga ɗakin tara shara na ƙasan gini, ɓangaren katako. An riga an cire sosonsa da karammiskinsa da ƙugiyoyinsa domin magajinsa, wanda aka yanka katakonsa yau da hantsi. Ba za a yi zaman makoki ba, don babu wurin zama kuma babu lokaci, jirgi saura kwana takwas. Mai son yin gaisuwa zai same ni a baranda, ya yi ta a tsaye, ya kama mini bakin katako in ya ga hannuna ya cika. Mata za su sami Maman Walida a ɗaki tana kwashe tukwane. Don Allah kada kowa ya tambaye ni nauyin sabon.

Ranar Talata mai zuwa da hantsi za a kai magajin gidan Pak Rahim. Ya aiko cewa zai cika shi da bulo kilo goma sha ɗaya, ya tsaya a saman matakalar gidansa, ya tunkuɗo shi da ƙafa. Ana gayyatar 'yan uwa da abokan arziki su zo su taya mu addu'a. Ana roƙon kada kowa ya tsaya a ƙasan matakalar.

Sanarwa daga Tajuddeen Abdulwahidu Gwale, a madadin iyalan marigayin.