Sunan da Manya Suka Raɗa wa Motata

Jiya a layin mai, ina zaune cikin sabuwar motata, baki har kunne, sai mai ba da mai ya ɗaga murya: "Mai 'Yar Iska, matso gaba." Duk layin ya waiwayo. Ni kuwa na matsa, don da ni ake.

Bari ku ji asalinta. Guntuwar mota ce ja mai ƙofa uku, ta ukun a baya take, ana ɗaga ta kamar murfin akwati. Gudu kuwa sai ka ce za ta tashi sama. Masu girma, Allah ya ƙara musu ƙiba, su suka sayo irinta, wai don jami'an duba hanya. Ashe cikinta na shafar ƙasa. Ramin farko ya ci guda biyu, sai aka yi gwanjon sauran. Na sayar da babur ɗina na ɗauki ɗaya, har rawa na taka a tsakar gida.

Amma kafin gwanjon an kafa kwamitin raɗa mata sunan gida. Suka tare a otal, kaji suka sha wuya. Wani masani ya ce sunanta na kamfani yana nufin ɗiyar iskar hamada. Shugaban kwamiti ya ce ya yi tsawo, a taƙaita. Aka taƙaita, aka buga da ƙarfe a bayanta.

Na ce wa makaniken unguwarmu ya cire. Ya ce, "Maigida, walda ce. In na ɓamɓare, ƙofar za ta biyo ni."

Ga shi yau surukata ta iso, ni zan ɗauko ta a tasha. Tun ina neman aure take cewa ba ni da natsuwa, da ƙyar na samu ta fara ce mini ɗana. A tasha na jingina bayan motar da katanga, ina yaba wa dabarata. Na manta ta ƙofar baya jakarta za ta shiga. Dole na matsar da motar gaba.

Ta tsaya ta karanta a hankali. Ta ce, "Wa ya sa mata wannan?"

"Manya ne, Inna. Kwamiti guda."

Ta shiga gaba ta gyara zama. "To ja mu je, ɗana. Ai 'yarsu ce, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe."

Ranku ya daɗe, ni dai ban ce komai ba. Tuƙi nake.