Rasuwar Hajiya Ta-Bango, Wadda Aka Hana Aro

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, amma da kai a ɗage, Malama Fauziyya Dawuda, ma'aikaciyar lafiya a Kankiya, tana sanar da 'yan uwa, da maƙwabta, da waɗanda suka daina amsa gaisuwarta, rasuwar talabijin ɗinta, filasma mai inci arba'in da biyu, wadda matan unguwa suka fi sani da Hajiya Ta-Bango. Ta cika ranar Laraba bayan la'asar, tana manne a bangonta, kwana goma cif bayan Baffa Dikko ya ce a sauke ta, Fauziyya ta ce ba za a sauke ba. Inna Tani, mahaifiyar mai sanarwa, ta ba da umarnin a yi shiru da wannan rashi, kada a ba mutane abin dariya. Shi ma wannan umarnin an ƙi shi, cikin ladabi.

Marigayiya ba 'yar manyan gida ba ce. Sunan kamfanin da ke goshinta babu wanda ya taɓa jin sa, har mai kantin da ya sayar da ita a Katsina, wanda ya rantse cewa ƙanwar manyan ce, uwa ɗaya uba daban. Fauziyya ta ɗauko ta shekara uku da suka wuce, a watan da ta fara aiki, ta rungume ta a tsaye a bayan mota har Kankiya, domin an gargaɗe ta cewa irinsu ba a kwantar da su. Tana da nauyi kamar buhun gero. Tana da cin wuta, har ƙaramin injin gidan yakan yi nishi in an kunna ta. In ta yi awa biyu tana aiki, mutum zai iya ɗumama tuwo a bayanta. Kafin a kalle ta da rana sai an rataya zani a taga, in ba haka ba fuskarka kawai za ta nuna maka. Duk wannan gaskiya ne, kuma ba a ɓoye halin mamaci. Amma in ta buɗe ido da 'yar ƙarar nan tata, ƙyas, ta shiga gunaguninta na zuuu, launin da take fitarwa ko masu tsada ba su fi shi ba.

Aikinta na gaske ranar Asabar ne bayan azahar. A ranar mata masu juna biyu suke taruwa a ɗakin Fauziyya, na unguwa da na Kafinsoli, wasu har daga Sukuntuni. Akwai faifan da ta zo da shi daga makaranta, a cikinsa akwai zanen cikin mace, da jariri kwance kansa a ƙasa. A nan take tsayar da hoton, ta ɗauki tsinken tsintsiya tana nuni, mata suna tambayar abin da ba za su iya tambaya a asibiti ba. Hoton yakan yi awa guda a tsaye, wani lokaci ya fi. Marigayiya ba ta taɓa ƙosawa ba, ba ta kuma taɓa kai maganar kowa waje ba.

Wannan haƙuri nata shi ya zama ciwonta. Filasma in ta daɗe tana riƙe da hoto ɗaya, inuwarsa takan zauna mata a fuska, ta ƙi tashi. Fauziyya ta fara lura ne wata rana ana labarai: mai karantawa ya sha farar babbar riga, ga jariri a kife a kan ƙirjinsa. Ta goge gilashin, bai fita ba. Ta sauya tasha, ya biyo ta. In an kashe, babu komai sai baƙin gilashi. In an kunna, ga shi nan, cibiya da komai. Matan Asabar suka yi ta dariya, suka ce Hajiya ma ta samu. A haka aka ci gaba da zama da ita.

Sai ga ranar Lahadi. Baffa Dikko, yayan marigayi mahaifinta kuma babban gida, ya aiko kiran ta zaure. 'Yarsa Ilham, wadda suka tashi tare da Fauziyya a kan tabarma ɗaya, za ta tare a Kusada ranar Juma'a ta sama.

"Komi na ɗaki ya cika sai talabijin," in ji Baffa. "An riga an kafa ƙarfenta a bango. Za a ɗauki taki a jera, ta yi kwana bakwai, in masu ganin ɗaki sun ɗauke ƙafa a maido maki. Goggonki ta yi magana da mai inji, a kunna ta tun safe, mutanen Kusada su san ba kwali muka rataya ba."

Babu laifi a wannan magana. Aron kayan jere ba baƙon abu ba ne. Kwanonin Inna Tani kaɗai sun kwana a ɗakin amare sun fi goma. Amma Fauziyya, tana durƙushe, abin da ta gani daban: ɗakin amarya cike da dangin ango, an kunna talabijin, ga ciki da jariri a bangon yarinyar da ko mayafinta ba a buɗe ba. Ta san bakin mata. Kafin magariba labari ya kai kasuwa, kuma ba talabijin za a ambata ba.

"Baffa, a yi haƙuri. Ba za ta yiwu ba."

"Mi kika ce?"

"Ba za ta yiwu ba, Baffa."

Ya jira dalili. Da wane harshe ɗiya za ta dubi yayan ubanta ta ambaci abin da ke cikin mace? A asibiti tana faɗar wanda ya fi wannan sau ashirin a yini, amma zauren Baffa ba asibiti ba ne. Ta zuba ido a kan takalmansa. Ya ce, "Tashi ki tafi."

Da yamma Goggo Sa'a, ƙanwar Baffa, wadda jere yake hannunta, ta tsaya a ƙofar gida, ta ƙi shigowa.

"Goggo, ki shigo in kunna maki ki gani da idonki, akwai..."

"Ban tambaye ki ba. Ƙafata ba ta taka gidan rowa. Ke ga 'yar boko mai albashi, ko? Ubanki ko rigar wuyansa aka ce ana so, cirewa yake. Ban san inda kika gado wannan hali ba, amma ba daga wajenmu ba."

Wannan magana ta ƙarshe, Inna Tani aka jefa da ita, kuma ta ji ta daga madafi. Washegari ta yafa mayafi ta bi Goggo har gida, ta yi mata bayani a kunne. Goggo ta ce tun da take ba ta taɓa jin talabijin ta yi ciki ba, a bar koya wa tsofaffi ƙarya. Fauziyya ta kira Ilham a waya. Sau ɗaya ta ɗauka, ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Yaya Fauziyya, in ba ki so, ki ce ba ki so. Kada ki haɗa sunana da ciki tun ban shiga ɗaki ba." Ta kashe.

Daga nan Fauziyya ta daina bayani. Aka raba atamfar anko, aka tsallake ƙofarsu. Aka aiko karɓar babbar tukunyar Inna, ba a ce ta zo taya aiki ba. Fauziyya ta ci gaba da fita wajen aiki da farin kayanta a goge, tana gaida kowa, wanda ya amsa da wanda ya kau da kai.

Abin da ya biyo baya babu wanda ya sani sai Allah, sai Inna, sai Sodangi mai gyaran kayan wuta na bakin kasuwa, kuma saboda wannan abin aka rubuta wannan sanarwa. Bayan mako guda Fauziyya ta je shagonsa ta tambaye shi ko ciwon yana da magani.

"Ciwon danginsu ne, Malama," in ji shi. "Ki sa mata farin hoto fat, ki bar ta tana ci, ba kashewa. Wata inuwar takan tashi a kwana biyu, wata uku, wata ba ta tashi. Amma bazara ce, kuma kin san halinta da zafi. Ni dai ban ce ki yi ba."

Ta yi. Ranar Litinin da safe ta sa mata farin hoto, ta kafa mata fanka biyu, ɗaya ta kowane gefe. In an ɗauke wuta ta tashi inji, in an kawo ta mayar. Niyyarta, in fuskar ta wanke, ta naɗe ta a bargo ta kai zauren Baffa da kanta ranar Alhamis, ba tare da ta ce uffan ba. Ɗakin ya zama kamar gidan burodi. Inna ta kwashe kayanta ta koma rumfa. Maƙwabta kuwa, da suka ji inji yana ruri ba hutawa, suka kai wa Goggo rahoto cewa yarinyar nan kallo take dare da rana don a ji haushi. Fauziyya ta ji, ta ƙara wa inji mai.

Ranar Talata ƙafafun jaririn suka dushe. Ranar Laraba da hantsi saura kai da kafaɗa ɗaya. Ta fito da bargon ta kakkaɓe. Ta je tasha ta yi magana da direban da zai yarda a ɗauke ta a tsaye. Ta dawo ta yi la'asar, tana zaune a kan sallaya ta ji gunagunin ya sauya, zuuu ɗin ya yi sama kamar ƙudan zuma sun fusata. Ta miƙe za ta kashe. Ta tsaya, domin saura kaɗan, kafaɗar ma ta fara tafiya. Wannan tsayawa ita take tunawa yanzu. Sai tas! Farin ya ɗauke, warin ƙonanniyar roba ya cika ɗaki, 'yar jar fitilar ƙasa ta ƙifta, ta ƙifta, ta mutu.

Sodangi ya zo ya buɗe bayanta, ya leƙa, ya mayar da kusoshi biyu kawai. Ya ce, "Sai haƙuri, Malama."

Da ita shaida ta tafi. Inuwar ba ta bayyana sai an kunna, kuma ba za a sake kunnawa ba. Goggo ta ce alhaki ne, abin da aka hana zumunci wuta ta ci. An yi jere ranar Juma'a. A kan ƙarfen bangon aka rataya agogo, bai rufe shi duka ba, kuma an ce wata daga dangin ango ta tambaya da ƙarfi ko mai ƙarfen tana hanya. An ce Ilham ta yi kuka. Wannan kuka Fauziyya ba ta musa cewa da hannunta a ciki ba. Abin da ta sani shi ne, tambayar da aka yi a Kusada ta ƙarfe ce, kuma an manta da ita kafin a gama cin shinkafa. Waccan ɗayar tambayar da ba a yi ba, ta ciki, da har 'ya'yan Ilham sai sun ji ta.

Marigayiya ta rasu ta bar rimot guda, wanda aka ɗaure bayansa da roba. Da na'urar faifai, abokiyar zamanta, wadda yanzu ba ta da wanda za ta yi wa magana. Da ƙaramin inji, wanda shi ma tun ranar yake tari. Ta bar matan Asabar, waɗanda kowace cikinsu ta ga inuwar kuma za ta iya shaida. Ba za a rubuta sunan ko ɗaya ba, ba kuma za a kira ko ɗaya zaure ba, domin wasunsu cikin fari ne, ko surukansu ba su sani ba tukuna. Sun zo ne bisa amana.

Baffa ya aiko da sharaɗi: ta zo gaban dangi ta ce rowa ce ta yi, ta nemi gafara, magana ta wuce. Fauziyya ta mayar da amsa cewa za ta zo, za ta durƙusa kamar yadda ta saba, za ta nemi gafarar ɓacin ran da ta jawo. Kalmar rowa ce ba za ta faɗa ba, domin ba ta yi ba. Baffa ya ce ko kalmar, ko ta zauna inda take. Tana zaune inda take.

Za a sauke marigayiya daga bango ranar Asabar mai zuwa bayan azahar. Za a kai ta shagon Sodangi a amalanke, ya cire abin da zai amfani wasu masu irin ciwonta. Gilashin kuma za a haƙa rami mai zurfi a bayan gida a binne, saboda ƙafar mutane da ta awaki. Babu zaman uku, babu na bakwai, kuma ba a roƙi kowa addu'a ba, domin ba a yi wa ƙarfe. Wanda ya yi niyya ya yi wa Inna Tani ta haƙuri. Bayan an dawo za a yi darasi kamar kullum, da alli da bayan faranti.

Ga abin da a'a guda ɗaya ta ci, don wadda za ta faɗi tata ta sani tun da wuri. Ta ci talabijin. Ta ci gaisuwar Baffa da ta Goggo. Ta hana Inna Tani ganin ɗakin yarinyar da ta goya. Ta ci Ilham, kuma wannan ne Fauziyya ba ta san ranar da zai daina yi mata ciwo ba.

Masu zuwa rakiya kowa ta taho da abin zamanta. Manyan tabarmin gidan guda biyu aro ne daga gidan Baffa, kuma jiya an aiko an naɗe su.