Malam Tukur da Kashin Gauta

Wani mutum ne a unguwarmu, Malam Tukur, wanda ya raɗa wa kansa suna Kwamfuta. Bakinsa ya fi shi girma. Wai yana aji uku na firamare malamin lissafi ke zuwa gidansu neman ƙarin haske.

To, Allah ya jarrabe shi da son wata bazawara, Uwale, mai shirin jarrabawar shiga makarantar koyon aikin jinya. Manema sun yi mata yawa, shi kuwa ba mota ba babur, sai ya ce lissafi ne jarinsa, da shi zai kada kowa.

Ran nan bayan la'asar ya je zance. Uwale ta fito zaure da littafin tambayoyin jarrabawa. Tsohuwarta, Iya Kande, tana daga bakin ƙofa tana kasa gautar sayarwa a faifai.

Uwale ta ce, "Malam, ga wadda ta ɗaure mini kai. Wai duk lambobi huɗu da mutum ya zaɓa, dole a samu biyu da in an ɗebe ƙaramar daga babbar, abin da ya rage zai rabu gida uku cif. Me ya sa?"

Malam Tukur bai san dalili ba, ko kusa. Amma ya ce bai sani ba a gaban Uwale? Ina! Ya gyara hula, ya bushe da dariya.

"Ƙarya littafin yake yi! Yanzu zan kawo miki lambobi huɗu da za su ƙaryata shi. In na kasa, kar ki ƙara fitowa wurina zance."

Ta ce, "Ka dai faɗa da bakinka."

"Rubuta: bakwai, ashirin, talatin da uku."

Ta gwada, ba wadda ta rabu. Malam ya miƙe ƙafa yana kaɗa ta.

"Ta huɗu, hamsin!"

"Hamsin a ɗebe ashirin, talatin. Ta rabu."

"Gwada ki nake. Ɗari!"

"A ɗebe bakwai, casa'in da uku. Ta rabu."

Zufa ta keto masa. Ya cire hula yana fifita.

"Miliyan ɗaya! Mu ga ta tsiya!"

Ta danna wayarta ƙit-ƙit-ƙit, ta ɗebe bakwai, ta raba uku, ta juyo masa da ita. Ta rabu tas, ko ɗigo bai rage ba. Wallahi har tausayi ya ba ni.

Iya Kande ko ɗago kai ba ta yi ba, ta ce, "Ɗan nan, wahalar da kanka kake. Ni uku-uku nake kasa gautata. Duk kwandon da na kasa, ko ya ƙare cif, ko ɗaya ta rage, ko biyu. Akwai wani saura bayan waɗannan?"

Uwale ta ce, "Babu, Iya."

"To kwando na huɗu dole sauransa ya zo daidai da na wani. Saura ya tafi da saura, me ya rage tsakaninsu in ba kashi-kashi ba?"

Uwale ta tafa hannu don murna. "Wallahi na gane!"

Malam Tukur ya yi tari, ya ce dama nan ya nufa, tsohuwa ce ta tari numfashinsa. Ya zari takalmi, fit, ya yi waje.

Washegari ya sha wanka, ya fesa turare, ya dawo, wai ai an manta. Ya rafka sallama. Ya ji takun tafiya, gabansa na dukan uku-uku don daɗi.

Sai ga Iya Kande da faifai a hannu.

Ta ce, "Uwale ta ce tana cika maka alkawarinka. Amma ni ba ka hana ni fitowa ba. Zauna, ɗan nan, riƙe gautar nan. Yau daga ɗaya, biyu, uku za mu fara."