Faratan Kurege

A Dajin Marke, tun zamanin kakanni, kurege ke riƙe da cikin jama'a. Da kaka ta yi sai su bazu, su binne gyaɗa nan, su binne gujiya can, su manta da rabi. In fari ya zo, kowa ya tona gindin bishiya ya samu na kaiwa baka. Ba tsari, ba kyan gani, amma yunwa ba ta taɓa kashe ɗan kowa ba.

Sai guguwa ta kayar da wani maɗaci ya gitta kogi, tururuwa suka fara ɗauko hatsi daga gonakin ƙetare ta kansa. Waziri Biri ya nemi a kira majalisa.

"Ranka ya daɗe," ya ce wa Sarki Giwa, "ga hanya Allah ya shimfiɗa mana. Kullum safiya abinci na zuwa sabo, daidai cikinmu. Me za mu yi da masu zuba arziki a rami suna mantawa? Almubazzaranci ne, kuma rashin yarda ne da mulkinka."

Dela, tsohuwar kurege mai jikoki cike da rami, ta miƙe. "Allah ya ja zamanin Sarki, ni ban iya magana ba. Amma itacen nan matacce ne, kuma a kan ruwa yake kwance."

Aka yi dariya har da riƙe ciki. Aka zartar cewa duk mai binne abinci maƙiyin daji ne, kuma don a taimaka wa kurege su bar mugun hali, a yanke musu farata. Wai taimako! Da Dela aka fara, jikokinta na kallo, sannan aka bi ta kansu.

An ci, an ƙoshi, an yi wa Waziri kirari. Gara kuwa tana nata aikin a cikin maɗacin, ba wanda ya gayyace ta majalisa. Ranar da ambaliya ta zo, itacen ko ƙara bai yi ba, tafiya kawai ya yi.

Abin da ke tayar da tsigar jiki, su tururuwa ba wanda ya gaya musu. Kowace safiya sukan jeru a gaɓar can, kaya a kai, su iso inda gadar take a da, na baya na tura na gaba, suna zubawa cikin ruwa da hatsin. Dabbobi na tsaye a gaɓar nan suna kallo.

Majalisa ta sake zama, wurare da yawa babu masu su. Biri ya miƙe da kyar, haƙarƙari a waje. "Sarki ya yafe wa kurege. An umarce su su tono wa jama'a abin da suka binne."

Dela ce ta zo, ita kaɗai.

"Me muka binne, ranka ya daɗe? Da me? Jikokina sun mutu suna goga ƙasa da dungu. Ba wanda ya koya musu, yunwa ce ta tuna musu."

Ta ɗaga hannuwanta. Majalisa ta daɗe tana duban su, sannan ta zartar cewa gobe kowa ya fita gaɓa da wuri, ko tururuwa sun ƙetaro.