Ranar da Na Wanke Robar Wuyan Mijina

Ko na manta sunana, wannan ba zan taɓa mantawa da shi ba. Damina biyu ke nan bayan kullen korona, shekarar da ƙanƙara ta kashe mana dankali a Naraguta. Mijina, Da Pam, ƙafafunsa suka fara mutuwa, cokali ma yana faɗuwa daga hannunsa. Likita ya ce ƙashin wuya ne ya danne jijiya. Za a sa masa 'yar roba tsakanin ƙasusuwan, kuma a yi sauri, don jijiya ba ta jira.

Daga Legas aka aiko robar. 'Yata Chundung ta karɓo a tasha, ta ajiye a ɗakina, ta tafi aiki.

Na leƙa ta cikin ledar. Abu bai fi kan yatsa ba, ga wani fari-fari ya lulluɓe shi kamar ƙasar alli. Ni kuwa tun ina budurwa nake wankin kuza a bakin rafi. Abin da na sani ɗaya ne: mai kyau yana ƙarƙashi, na sama datti ne. (Ban shiga aji ba, amma ba a taɓa mayar mini da kuza don ba ta wanku ba.) Na ce wannan ƙazantar ba za ta shiga wuyan mijina ba. Na farke leda biyu, na samo soson ƙarfe da garin sabulu, na zauna. Da wuya ya fita, amma ya fita. Na naɗe robar a farin hankicin da nake zuwa coci da shi.

Washegari a asibiti, gaban likita da ɗalibansa, na warware hankicin da kaina.

Likita ya daɗe yana kallo. "Mama, wa ya buɗe wannan?"

"Ni ce, likita. Da ka ga yadda suka aiko shi."

Chundung ta ce, "Ngo," wato Mama da yarenmu, ta dafa bango.

Likita bai yi mini tsawa ba, da ma ya yi. Ya ce farin nan irin gishirin da Allah ya gina ƙashi da shi ne, da gangan aka shafa. Ƙashi ba ya yarda da roba tsirara. Sai ya ji irin nasa a jikinta yake kama ta. Kuma tunda hannu ya taɓa, sai dai a sake aikowa.

Da Pam daga kan gado ya ce, "Likita, ka yi haƙuri da ita. Ni ma tun aurenmu take kankare ni, ban yi sheƙi ba."

Ɗaliban suka danne dariya. Ni ko ƙasa ban iya kallo ba.

Sati biyar kafin wata ta iso. Aka yi aiki, hannuwansa suka dawo, ƙafafu ba su dawo ba. Na tambayi likita ko jinkirin ne. Ya ce ba wanda zai iya sani, kuma da wannan amsar nake kwana. Yanzu duk abin da ya zo a rufe daga asibiti, hannuna a baya nake kallonsa.

Da Pam ya rasu bara, a kujerarsa. Likitan, na ji ya bar ƙasar. Saura ni da Chundung. Ita har yau ba ta faɗa wa kowa ba, ko matan zumuntar cocinmu. Ni ce nake faɗa.